Manomin Taba da Tallafin Gwamnati a Kwarin Gulbin Maradi

Ya kai mai karatu, ko kana zaune a unguwar Zariya cikin birnin Maradi gonarka tana gindin gulbi, ko kana Tibiri, ko Jiratawa, ka sha jin ana cewa gwamnati tana tallafa wa manoma. Wataƙila ka taɓa tambayar kanka, shin mai noman taba yana da rabo a cikin wannan tallafi? Amsa a taƙaice ita ce, manyan shirye-shiryen tallafin noma na ƙasar Nijar an kafa su ne domin wadata ƙasa da abinci. Ƙasashen da suka daɗe suna biyan manoman taba ma, da yawansu sun janye hannu. Wannan shafi zai bayyana maka dalili, ya kuma nuna maka ƙofar da ta rage a buɗe.

Mene ne tallafi?

Tallafi shi ne kuɗi ko kaya da gwamnati take bai wa manomi domin ta rage masa nauyin aiki, kuma ba ta jiran ya mayar. Yakan zo ta hanyoyi uku:

1. Rage kuɗin kayan noma. Gwamnati ta biya wani kaso na kuɗin takin zamani, ko iri, ko injin ban ruwa, kai kuma ka cika sauran.
2. Tsayar da farashi. Gwamnati ta yi alkawarin cewa amfaninka ba zai faɗi ƙasa da wani farashi ba.
3. Biyan kuɗi hannu da hannu. A lissafa girman gonarka ko nauyin abin da ka noma, a ba ka kuɗi a kansa.

Akwai abubuwa biyu da suke kama da tallafi, amma daban suke da shi. Na farko bashi ne. Ko daga banki ya fito, ko daga asusun ajiya da ba da rance, sai ka mayar da shi a ranar da aka yanka, tare da abin da aka ɗora a kansa. Na biyu kuɗin gaba ne, wato kuɗi ko taki da ɗan kasuwa ko kamfani yake ba ka tun kafin dashe, da sharaɗin shi za ka sayar wa. Haka kamfanin taba ya yi aiki da manoma a arewacin Najeriya, inda aka buɗe masana'antar sigari a birnin Zariya na can a 1959. Kamfani ya ba da iri da taki, shi ne yake tantance darajar ganye, ya cire kuɗinsa, sannan ya miƙa wa manomi abin da ya rage. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Saboda haka duk wanda ya ce ya kawo maka taimako, fara tambayarsa: kyauta ce, ko bashi, ko kuɗin gaba?

Taba a kwarin Maradi

Asalin taba daga nahiyar Amurka yake. Ta shigo Afirka ta Yamma wajen shekara 400 da suka wuce, ta bazu ta hannun fatake. Kwarin Gulbin Maradi yana cikin wuraren da suka yi suna da ita a Nijar. Gulbi yakan yi ambaliya da damina, ya bar laka mai albarka a fadama. Idan ruwa ya janye sai a dasa taba, ta sha sanyin ƙasa har ta nuna. Ganyenta yana shiga kasuwannin gida ta hannun ƴan kasuwa. Wasu suna daka shi a haɗa da kanwa, wasu suna taunawa, wasu suna sha a lofe.

Manomi yana riƙe da taba ne don dalilai sanannu. Busasshen ganye yana ajiyuwa, ba ya ruɓewa kamar tumatir. Yana kawo kuɗi da rani, lokacin da rumbu ya fara sauka. Sana'a ce kuma da aka gada, hannu ya san ta.

Amma kwarin ya canza. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a Najeriya a ƙarshen shekarun 1980, ambaliyar gulbi ta ragu, noman rani ya ƙara dogara ga rijiya da inji. A Jiratawa kuwa, tun farkon shekarun 1980 aka gyara fili mai fiye da hekta 500 domin noman ban ruwa, a ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA, wadda aka kafa a 1978. Ruwan da ake ja da inji kuɗi ne. Kowace shuka sai ta biya ruwan da ta sha.

Tallafin da Nijar ta tsara wa manoma

Ga manyan matakan da aka ɗauka, tare da shekarunsu:

A 2010 aka kafa hukumar CAIMA domin sayo takin zamani da kayan noma a sayar wa manoma da rahusa. A shekarun da suka biyo baya an daɗe ana sayar da buhu mai kilo 50 a kan sefa 13,500, wato jika 13 da rabi. Takin bai ishi kowa ba, kuma sau da yawa yakan iso a makare.

A 2012 aka amince da shirin 3N, wanda ma'anar sunansa ita ce ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar. Burinsa ƙara yawan abinci, da noman rani, da kiwo.

A 2017 aka kafa asusun FISAN domin zuba jari a harkar abinci. Tsarin da aka fi sani a cikinsa ya raba kuɗin aiki kashi uku: manomi ya kawo 10 cikin 100, tallafi ya biya 40, banki ko asusun rance ya ba da bashin 50.

A 2018 aka yi wa harkar taki gyara. Aka buɗe wa ƴan kasuwa ƙofar shigo da shi, gwamnati kuma ta ɗauki hanyar bai wa zaɓaɓɓun manoma masu ƙaramin ƙarfi takardar rangwame, su kai wa mai shago su karɓi taki.

Ɗauki alƙalami mu gwada lissafin FISAN da misali. A ce kana son rijiya da inji da shinge a garkarka, kuɗin duka sefa 500,000. Naka kason 50,000 ne. Tallafi 200,000 ne, ba za ka mayar ba. Bashi 250,000 ne, shi za ka biya har da abin da banki ya ɗora. Ka ga ke nan rabin kuɗin yana wuyanka. Wanda ya ɗauka duka kyauta ne, ranar biya zai sha mamaki.

Duk waɗannan tsare-tsare abinci suka sa a gaba: gero, dawa, wake, masara, shinkafa, kayan garka da dabbobi. Hanyar mai noman taba zuwa ga tallafi ita ce ta sauran amfanin da yake nomawa. Farashi da sharuɗɗa kuma suna sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka nemi na bana a bakin malamin gona na yankinku, ko a ofishin majalisar manoma ta jihar Maradi.

Me ya sa aka bar taba a baya?

Dalilin lafiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 kowace shekara. Tana jawo ciwon daji, da ciwon zuciya, da cutar huhu. Wadda ake taunawa ko ake sawa a baki ma tana jawo ciwon daji na baki. Gwamnatin da ta biya kuɗi don a noma taba, gobe za ta sake biya a asibiti.

A watan Mayu na 2003 ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniyar yaƙi da shan taba, ta fara aiki a watan Fabrairu na 2005. Nijar ta tabbatar da shigarta a 2005. A watan Mayu na 2006 kuma aka kafa dokar ƙasa mai lamba 2006-12, wadda ta hana tallar taba, da shan ta a wuraren taruwar jama'a, da sayar da ita ga yara.

Yarjejeniyar ba ta manta da kai ba. Sashe na 17 ya ɗora wa gwamnatoci nauyin taimaka wa manoman taba su sami wata sana'a mai riba. Sashe na 18 ya yi maganar kare lafiyar masu aikin taba da kare ƙasar noma. Riƙe waɗannan lambobi biyu. Idan ƙungiyarku ta zauna da hukuma, kuna da hujjar neman a taimake ku wajen sauya shuka.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Domin ka ga inda duniya ta dosa, ga labarin wurare huɗu.

Amurka. Daga 1938 gwamnati ta ƙayyade wa kowace gona yawan tabar da za ta sayar, ta kuma tsayar da farashi. Wannan izinin sayarwa ya zama dukiya, ana gadonsa, ana ba da hayarsa. A 2004 aka soke tsarin. Aka biya diyya ta kusan dalar Amurka biliyan 10 daga 2005 zuwa 2014, kuma daga kamfanonin taba aka karɓo kuɗin. Mai riƙe da izini ya sami dalar Amurka 7 a kan kowace laba, wato ƙasa kaɗan da rabin kilo. Wanda ya yi noman da hannunsa ya sami 3. Gonakin taba sun ragu daga kusan 57,000 a 2002 zuwa kusan 10,000 a 2012. Lura da kyau: mai takarda ya fi mai fartanya samu.

Tarayyar Turai. Ta yi shekaru tana kashe kusan yuro biliyan 1 a shekara kan manoman taba, galibi a Girka da Italiya da Spain. A 2004 aka yanke shawarar gyara. Daga 2010 aka daina ɗaura tallafin Tarayyar ga yawan tabar da manomi ya noma.

Malawi. Ƙasa ce da taba ta daɗe tana kawo mata wajen rabin kuɗin da take samu daga kayan da take fitarwa. A 2005 ta fara raba wa manoma takardun rangwamen taki, har da na taba. Bayan ƴan shekaru aka cire taba, aka bar tallafin ga masara da dangin wake.

Kenya. A 2022 aka buɗe wani shiri a gundumar Migori, da haɗin gwiwar gwamnati da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya masu kula da lafiya da abinci da noma. Aka bai wa manoman taba irin wake mai ƙara jini, aka koya musu nomansa, aka kuma sama musu mai saye tun kafin shuka. Samun mai saye shi ne ya ba su ƙarfin halin sauyawa.

Darasin gyaɗa

Ba sai an je nesa ba. Tambayi dattawan garinku labarin gyaɗa. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA domin sayen gyaɗa, Maradi ta zama cibiyar cinikinta. Ana ba da iri, ana tsayar da farashi, ana saye a kan sikeli. Sai farin shekarun 1970 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, ciniki ya durƙushe. Gidan da ya zuba ƙarfinsa duka a gyaɗa ya fi kowa jin jiki. Tallafi yana da ranar farawa, yana da ranar ƙarewa. Gonar da ba ta tsayuwa sai da shi tana cikin haɗari.

Yi lissafin gonarka

Karatun da kake koyo a ajin yaƙi da jahilci a nan zai yi maka rana. Sami littafi, ka ware wa taba shafi guda, ka ware wa kowace shuka nata. Raba shafin gida biyu: abin da ya fita, da abin da ya shigo.

A gefen abin da ya fita rubuta kuɗin iri, taki, maganin ƙwari, man inji ko kuɗin ruwa, hayar gona, ladan ƴan ƙwadago, da kuɗin kai kaya kasuwa. Rubuta kuma kwanakin da kai da iyalinka kuka yi kuna aiki: renon iri, dashe, ban ruwa, noma, cire kai da ƴaƴan gefe, yanka, shanya da ɗauri. Sa wa kowane yini kuɗin da za ka biya ɗan ƙwadago. Taba tana cin hannu ƙwarai, kuma yawancin manoma ba sa lissafa guminsu da na gidansu. In wani ya kwanta ciwo saboda aikin, rubuta kuɗin magani.

A gefen abin da ya shigo rubuta kuɗin da ka karɓa da ranar da ka karɓa. Idan kaka ta ƙare, cire na farko daga na biyu. Sannan kwatanta shafin taba da na zogale, ko albasa, ko masara. Littafinka ne zai gaya maka gaskiya.

Kare lafiyar gidanka

Muddin kana noman taba, ka san cewa ɗanyen ganye yana da guba mai suna nikotin. Idan ganyen yana da raɓa ko ruwa, ko jikinka yana da gumi, gubar tana shiga ta fata. Alamunta su ne jiri, tashin zuciya, amai, ciwon kai da kasala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai aikin taba yana iya ɗaukar nikotin a yini guda daidai da na karan sigari 50, ko da bai taɓa sha ba.

1. Kada ka yanki ganye sai raɓa ta bushe.
2. Sa riga mai dogon hannu da safar hannu ta roba. In tufafi sun jiƙe, sauya su.
3. Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.
4. Kada ka shanya taba ko ka ajiye ta a ɗakin kwana.
5. Kada yara su yi aikin taba. Jikinsu ƙarami ne, gubar ta fi saurin kama su.
6. In alamun sun yi tsanani, a tafi likita, a gaya wa malamin asibiti aikin da ake yi.

Ke kuma uwargida, in kina da ciki ko kina shayarwa, nisanci ɗanyen ganye da ƙurar dakan taba. Lafiyar jaririnki tana gaba da kuɗin dakan.

Idan kana son sauyawa

Kada ka tumɓuke sana'arka a dare ɗaya. Fara da kashi ɗaya cikin huɗu na gonar, ka gwada wata shuka, ka rubuta sakamako. In ta biya, ƙara mata fili baɗi.

Nemi mai saye kafin ka shuka, kamar yadda aka yi a Migori. Zogale ya karɓi ƙasar Jiratawa da kewayen Maradi, ana yankan ganyensa sau da yawa a shekara, ana sayar da shi ɗanye ko busasshe har Yamai.

Kula da dangin taba. Tumatir, tattasai, barkono, yalo da dankalin Turawa duk danginta ne, cutarsu ɗaya. Kada ka dasa su nan take a inda ka cire taba. Fara da wake, ko masara, ko albasa. Taba tana cin ƙarfin ƙasa sosai, don haka zuba takin gida. In ka taɓa taba, wanke hannu kafin ka shiga cikin tumatir, domin akwai cutar ganye da hannu yake ɗauka.

In kuɗin rani ne yake riƙe ka ga taba, tambayi ƙungiyarku game da warantaji, wanda aka fara a Nijar a ƙarshen shekarun 1990. Ana ajiye gero ko wake ko gyaɗa a magaza da kaka, a sa kwaɗo biyu, ɗaya na ƙungiya, ɗaya na asusun rance. A ba ka bashin wani kaso na darajar kayanka, ka yi sana'ar rani. Idan ka biya sai a buɗe, ka ɗauki kayanka, sau da yawa a lokacin da farashi ya tashi.

Matakan neman tallafi

1. Shiga ƙungiyar manoma mai takardar izini. Yawancin tallafi ta hannun ƙungiya yake bi.
2. Tanadi katinka na ɗan ƙasa. Tabbatar an rubuta sunanka iri ɗaya a kowace takarda.
3. Nemi takardar shaidar gona a wurin kwamitin filaye, wato COFO, wanda dokar karkara ta 1993 ta tanada. Ko aro ko haya kake yi, a rubuta.
4. Je wurin malamin gona tun kafin lokacin rajista. Ba a fafe gora ranar tafiya.
5. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa sai ka karanta. In takardar da Faransanci take, nemi wanda ka yarda da shi ya fassara maka layi bayan layi.
6. Nemi amsar tambayoyi huɗu a cikin takardar: Nawa ne kyauta? Nawa ne bashi? Yaushe ne ranar biya? Me zai faru in amfani ya lalace?
7. Karɓi rasit a kan kowane kuɗi da ka biya, ka adana shi.
8. Kada ka sayar da takardar rangwamenka. Abin da za a ba ka a kanta bai kai abin da taki zai ƙara maka a gona ba.
9. Kada ka bai wa kowa kuɗi a asirce don ya sa sunanka a jeri. In an nema, sanar da shugabannin ƙungiyarku.

Kammalawa

Ɗan'uwa manomi, kada ka jingina gidanka ga jiran ranar da za a biya ka don ka noma taba. Tallafin da aka tsara yana bin abinci, kuma yana neman mai ƙungiya, mai takarda, mai lissafi. Kai wannan shafi ajinku ko taron ƙungiyarku, ku karanta tare, ku sake yin lissafin sefa 500,000 a kan allo. Sannan kowa ya buɗe littafin gonarsa kafin dashen bana, ya rubuta kwanan wata a shafin farko.